Wa Ya Ce Kansa Ba Ya Ja?

Akwai hukuncin da muke yanke wa yaro tun bai cika shekara 8 ba, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Uwa ta ce, "Malam, wannan kansa ba ya ja." Uba ya ce, "Allah bai ba shi ba, gara a kai shi koyon sana'a." Abokan wasa su ƙarasa da kiransa daƙiƙi. Da safe ina koyar da 'yan aji biyu na firamare, da yamma ina da darasi a Islamiyya, don haka maganar nan ta ƙofa biyu take iso ni. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake naɗe ta da sunan Allah, har wanda ya musa ya zama kamar yana ja da ƙaddara. To, shin karatu baiwa ce da ake haihuwar wani da ita a hana wani, ko kuwa abu ne da kowa sai ya koya? Kuma shi yaron, yana da haƙƙin a gaya masa abin da ke faruwa a cikin kansa yayin da yake fama da baƙaƙe?

Mu fara da abin da kowa ya sani. Ba a kai yaro makarantar koyon magana. Yana goye yake tsintarta, kafin ya shekara 3 ya iya roƙo, ya iya kai ƙara, har ya iya musu. Rubutu ba haka yake ba. Mafi daɗewar rubutun da aka gano an yi shi ne a ƙasar da yau ake kira Iraƙi, wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutane sun daɗe ƙwarai suna magana kafin nan. Ba wanda aka haifa da gurbin karatu a shirye a ƙwaƙwalwarsa, ko ɗan malam ne ko ɗan maƙeri.

A shekarar 2000, masanan ƙwaƙwalwa biyu a Faransa, Stanislas Dehaene da Laurent Cohen, sun bayyana wani ɗan wuri a ƙasan ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, ta wajen ƙeya, wanda yake tashi aiki duk sa'ad da mai karatu ya kalli kalma. Asalin aikin yankin shi ne gane kamannin abubuwa da fuskoki. Koyon karatu ne yake aron wani sashe nasa, ya ɗaure shi da sassan da ke kula da sautin magana da ma'anarta. A 2010 Dehaene da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manya a Brazil da Fotugal: waɗanda ba su taɓa karatu ba, da waɗanda suka koya suna yara, da waɗanda suka koya bayan sun girma. Har waɗanda suka koya da girmansu an ga ƙwaƙwalwarsu ta sauya. Ashe da Bahaushe ya ce gemu ba ya hana ilimi, ba lallashi kawai yake yi ba.

Wannan ne nake ƙoƙarin saukar wa yara daidai hankalinsu. Nakan ɗauki moɗa in nuna musu, mariƙinta na duban dama, in ce mene ne wannan? Su ce moɗa. In juya mariƙin hagu, su sake cewa moɗa. Sai in rubuta b da d a kan allo in ce, "Tun kuna jarirai idonku ya koyi cewa abu in ya juya bai sauya suna ba, kuma daidai ya koya. Baƙaƙe ne kaɗai suka karya wannan doka. Wanda ya rikita b da d ba wawa ba ne, ƙwaƙwalwarsa tana bin tsohuwar doka ce, yanzu za mu koya mata sabuwa." Ɗan Bahaushe ma nauyinsa ya fi na wasu, domin bayan b da d ga ɓ da ɗ masu lanƙwasa. Da asuba a makarantar allo yana bin layi daga dama zuwa hagu, yana rarrabe ba da ta da nun ta wurin ɗigo, da hantsi a boko kuma a ce ya taso daga hagu. Duk wanda ya dubi wannan da adalci, mamakin yadda yara suke iyawa zai yi.

Ina gaya musu kuma cewa hannu yana koya wa ido. A 2012 wata masaniya a Jami'ar Indiana ta Amurka, Karin James, ta gwada yara 'yan shekara 5 da ba su fara karatu ba. Waɗanda suka zana baƙaƙe da hannunsu, sassan karatu na ƙwaƙwalwarsu sun fi motsawa in sun sake ganin baƙaƙen, fiye da waɗanda suka danna su a kwamfuta. Malamanmu na zaure ba su da na'urar ɗaukar hoto, amma tsarinsu ya bi hanyar: babbaƙu tukuna, yaro ya san kowane baƙi da kamanninsa, sannan farfaru ya ɗora wasali ya ji sauti, sannan tilawa safe da yamma, sannan ya riƙe alƙalami da tawada da kansa. Inda aka yi rauni shi ne ba a gaya wa yaron dalili, kuma in ya kakare, bulala ce take yin bayani.

Wani abokin aikina a Islamiyya ya taɓa ce mini, "Malam, wannan bayanin jijiyoyi da kake wa yara, ba ka ganin zai sa su manta cewa Allah ne yake buɗa wa bawa?" Tambaya ce ta mai kishin addini, kuma na ɗauke ta da nauyi. Amma Suratun Nahli ta bayyana cewa kowa ya fito daga cikin mahaifiyarsa bai san komai ba, aka ba shi ji da gani da zuciya. Ayoyin farko da aka saukar, a Suratul Alaƙ, sun ambaci koyarwa ta hanyar alƙalami. Bayan yaƙin Badar, wasu kamammun da suka iya rubutu sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina goma-goma. Ba a ware 'ya'yan da aka ce an ba su aka bar saura ba. Ibn Khaldun, a Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya lissafa rubutu cikin sana'o'in da ake samu ta koyo da maimaitawa, ya kuma yi gargaɗi cewa tsananta wa ɗalibi yana kashe masa zuciya, ya koya masa ƙarya da ha'inci. Sanin yadda Allah ya tsara abu ba ya raba mutum da Wanda ya tsara shi. A ajina, yaron da ya ji cewa akwai wuri a kansa da yake ginuwa duk ranar da ya yi bita, shi ne yake fara cewa ikon Allah.

Ban ce yara duka ɗaya suke ba. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, yana lissafi ba matsala, amma karatu ya gagare shi. Wannan lalura ce da yau ake kira disleksiya, kuma masu ita suna koyo in an bi su sauti bayan sauti, da haƙuri da ƙarin lokaci. Wani yaron kuma ba ya ganin allo sosai, wani kunnensa ne, wani da yunwa ya zo, wani ana koya masa karatu da Turancin da bai taɓa ji a gida ba. Bayanin ƙwaƙwalwa shi kaɗai ba zai sa yaro ya iya ba. Sai an haɗa da bita kullum da isasshen barci, domin a cikin barci abin da aka koya yake zama.

Lalle bambancin sauri rabo ne, wani ya riga wani. Amma ƙaddara ba a saninta sai ta auku. Wanda ya dubi ɗan shekara 7 ya ce Allah bai ba shi karatu ba, ya yi da'awar sanin gaibu, alhali bai leƙa Lauhul Mahfuzi ba. Wannan ya fi kusa da shisshigi a kan ikon Allah fiye da duk bayanin jijiyoyin da zan yi.

Saboda haka ina roƙon iyaye da 'yan'uwana malamai, na boko da na allo: kafin ku yanke wa yaro hukunci, ku kai shi a duba idonsa da kunnensa, ku fara masa karatu da harshen da yake ji, ku ba shi alƙalami ya rubuta da hannunsa. Sannan ku zaunar da shi ku gaya masa gaskiya, cewa ba wanda aka haifa da karatu, kowa wahala ya sha kafin ya iya, har malamin da ke gabansa.