Maƙwabtanmu Masu Tasbihi A Dajin Bodinga Da Shagari

Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) da Ya rayar da ƙasa da ruwan sama, Ya ciyar da mai tafiya da mai rarrafe da mai tashi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ’yar uwa, nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi wasu maƙwabta ne da kullum muke cin arzikinsu, amma ko sau ɗaya ba mu taɓa tambayar lafiyarsu ba. Ina nufin itatuwa da ciyayi da ƙwari da tsuntsayen da ke bayan garuruwanmu. Amana ce Allah Ya danƙa mana, kuma za ki ga cewa babban kaso na wannan amana a hannunki yake, ke uwargida.

Ɗaga kai ki duba

Idan kika taso daga Sakkwato kika kama hanyar Jega, za ki ratsa ƙasar Bodinga, mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A ƙasar ne Sifawa take, inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Daga nan sai Shagari, inda madatsar ruwa take. Wanda ke cikin mota yana sauri gani yake ba komai a wurin sai ƙasa busasshiya da sabara. Amma duk matar da ta taɓa fita tsinkar ganye ta san abin ya wuce nan.

A kan tudu ga aduwa, ga magarya da kurna, ga kalgo da geza da tumfafiya, ga kuka da tsamiya tsaye kamar dattawan gari. Da ruwa ya sauka sai tafasa da lalo da yaɗiya da ’yar unguwa su fito ba wanda ya shuka su. Ki gangara fadama, ga bado shimfiɗe a kan ruwa, ga zalɓe tsaye yana jiran kifi, ga kirinjijiya garke-garke, ga balbela tana bin shanu. A kan rassa ga kurciya da hasbiya da cilakowa, a ƙasa ga fakara tana ɓuya cikin gamba. Ki duƙa ki duba, ga tururuwa, ga buzuzu yana mirgina kashin shanu, ga malam-buɗe-littafi yana sauka kan fure.

A Suratul An’am, aya ta 38, Allah Ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al’ummomi ne kamar yadda mu ma muke al’umma. A Suratul Isra’i, aya ta 44, Ya sanar da mu cewa kowane abu yana yi masa tasbihi, mu ne dai ba ma gane harshensu. Kuma ki lura, a Suratu Faɗir, bayan Allah Ya ambaci bambancin launin ’ya’yan itace da duwatsu da dabbobi, nan take Ya ambaci malamai masu tsoronsa. Ashe sanin waɗannan halittu hanya ce ta zuwa tsoron Allah. Surori uku ma da sunan ƙananan halittu ake kiransu: ƙudan zuma, tururuwa da gizo-gizo.

Kowa da aikin da aka ba shi

Dubi gawo. Duk itatuwa da damina suke yin ganye, shi kuwa a lokacin yake kakkaɓe nasa. Ganyen ya zama taki, gero da dawa su sami rana a ƙarƙashinsa. Idan rani ya yi, kowa ya bushe, sai ya yi kore, ya ba awakinki inuwa da ’ya’yan da za su ci. Wa ya tsara masa wannan?

Dubi bagaruwa. Da ’ya’yanta ake jeme fatar jar akuyar Sakkwato, wadda sunanta ya kai har ƙasashen Turai. Dubi sabara, wadda iyayenmu ke dafa wa mai jego. Dubi magarya. A hadisin Ummu Aɗiyya (RA) da Buhari da Muslim suka ruwaito, da ruwa da ganyen magarya Manzon Allah (SAW) ya ce a wanke ’yarsa da ta rasu. Itacen da zai raka ki ranar wankanki na ƙarshe, ya dace a bar shi ya ƙare a murhu?

Ƙwarin fa? Kabewa da kankana furensu iri biyu ne, namiji daban mace daban. Sai ƙudan zuma ya ɗauko garin wannan ya kai wa wancan kafin su yi ’ya’ya. Irin albasar da manomanmu ke tinƙaho da ita, sai ƙwari sun ziyarci furenta yake samuwa. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 75 cikin 100 na nau’o’in manyan amfanin gonar da duniya ke ci suna amfana da irin wannan hidima. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemage ne ke yi masa wannan aiki. Buzuzun da yara ke yi wa dariya, taki yake binnewa a gonar maigidanki ba da ko sisi ba.

Shamuwa tana zuwa mana da farkon damina daga ƙasashen kudu, ta yi sheƙa a tsakiyar gari, ta yini tana tsince fara a gonaki. Idan hunturu ya kama, wasu tsuntsayen daga Turai suke tasowa, su ƙetare Sahara, su sauka a fadamunmu. Baƙi ne, kuma kin san matsayin baƙo a Musulunci.

Ina suka tafi?

’Yar uwa, ki tambayi kakarki, ko surukarki, yaushe rabonta da jin kukan gauraka a fadama? Yaushe rabonki da ganin ungulu a mahauta? A da, ko’ina aka yanka dabba sai sun sauko. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sanya ungulun nan tamu ta gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Ita ce fa take cinye mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa a ƙasarmu, wannan ƙaddara ce daga Allah. Amma abin da ya biyo baya, da hannunmu a ciki. Suratur Rum, aya ta 41, ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa da abin da hannayen mutane suka aikata. Ana sare ɗanyen itace a yi gawayi. Ana cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya. Ana fesa magani ba awo ba ƙa’ida, ya kashe mai cuta da mai amfani gaba ɗaya. Kuma idan dajin ya ƙare, wa ke fara shan wahala? Mace ce. Ita ce itacen girki zai yi wa tsada, ita ce za ta rasa ganyen kwaɗo ranar da babu cefane, ita ce za ta nemi sassaƙen da ta saba ta rasa. A shekarun yunwa, da dilon anza da tafasa iyayenmu suka rayu. Idan muka ƙarar da wannan rumbu, me muka ajiye wa jikokinmu?

Abin da Sunna ta koyar

Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Mas’ud (RA) cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke ’ya’yan wata ƙaramar tsuntsuwa, uwar ta zo tana ta fuffuka. Manzon Allah (SAW) ya nuna rashin jin daɗinsa, ya sa aka mayar mata da ’ya’yanta. Ke uwa ce, kin san abin da ke zuciyar tsuntsuwar nan. Ya kuma ruwaito daga Ibnu Abbas (RA) hani a kan kashe wasu halittu huɗu, cikinsu har da tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda. A Buhari da Muslim an kawo labarin wani Annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi, ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah Ya yi masa wahayi na gargaɗi saboda ya halaka al’umma mai tasbihi. To ina ga mai ƙone daji sukutum?

Kada ki ɗauka an hana kare kai. Kunama da ɓera an halatta kashe su. Sauro yana kawo zazzaɓin da ke kashe ’ya’yanmu, wajibi ne ki sa su cikin gidan sauro. Jan baki da fara idan suka auka wa gona dole a kore su. Farauta don ci halal ce. Abin da shari’a ta hana shi ne kisa don wasa, da azabtarwa, da wuce iyaka.

Rabonki a wannan aiki

Na ɗaya, ki fara da ɗanki. Yaron da ya fita da danƙo ya dawo da tsuntsun da ba ci za a yi ba, kada ki yi masa kirari. Ki zaunar da shi ki faɗa masa cewa Annabi (SAW) ya hana a mai da abu mai rai abin gwada saiti. Wanda ya saba tausayin tsuntsu tun yana ƙarami, da wuya ya zama mai ƙeta ga matarsa idan ya girma.

Na biyu, murhunki. Ki guji sayen ɗanyen itace, domin mai saye shi ke tura mai sara. Ki jiƙa wake kafin ki ɗora, ki rufe tukunya, ki kashe wuta idan kin sauke. Idan da hali, ki nemi murhu mai tsimin itace. Allah ba Ya son masu almubazzaranci, ko da da kara ne.

Na uku, fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari. Kada ki zuba su a wake ko busasshen kifi, kada ki wanke kwalbarsu a bakin rafi ko rijiya. Ki tunatar da maigida cikin ladabi ya rage feshi lokacin da amfani ke fure, musamman da hantsi da ƙudan zuma ke kiwo.

Na huɗu, kuma wannan ya fi kowanne nauyi. Duk wanda ya ce ki kawo kan ungulu ko idon mujiya don mallakar miji ko korar kishiya, ki sani boka ne, ko da ya naɗa rawani. Cinikin sassan jikinta yana cikin manyan abubuwan da suka ƙarar da ungulu a ƙasar nan. Ki duba asara biyu: kin taɓa imaninki, kin kuma sa an kashe baiwar Allah ba da haƙƙi ba. Haka camfin cewa kukan mujiya mutuwa yake kira, Annabi (SAW) ya rushe shi. Mujiya ɓerayen rumbunki take kamawa da dare.

Na biyar, ki dasa. Anas (RA) ya ruwaito, a Buhari da Muslim, cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, duk abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci sadaka ce a gare shi. Zogale ɗaya a bayan ɗaki, lalle a bakin rariya, ruwan alwalarki ya ishe su. Ki ajiye kasko da ruwa a inuwa lokacin bazara domin tsuntsaye. Ki kuma ba maigida labarin manoman Maraɗi, waɗanda tun wajen 1983 suka fara barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski maimakon tumɓukewa. Da wannan sassaben zamani, an ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kudancin Nijar. Ƙasarsu ba ta fi tamu ruwa ba.

Na shida, ki koya ki koyar. Nana Asma’u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajoji ƙauye-ƙauye suna kai wa mata ilimi har ɗakunansu. Mu ma a Islamiyyunmu mu ware lokaci, tsofaffi su faɗa wa ’yan mata sunayen ganyaye da amfaninsu. Yarinyar da ba ta iya bambanta tafasa da rai-ɗore ba, ba za ta san ranar da ɗayansu ya ɓace ba.

Allah Ya sa mu cikin masu riƙon amana, Ya ji ƙanmu kamar yadda muke jin ƙan bayinsa marasa baki. Ya ba mu damina mai albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.