Wa Ke Biyan Kuɗin Jarumtar Maharbi?

Akwai wani nau'in farauta da ya bunƙasa a ƙasar Amurka tun daga tsakiyar ƙarnin da ya shige, wanda in aka ba maharbanmu na gargajiya labarinsa sai su zaci raha ake yi musu. Mutum ne zai jingine doguwar bindigarsa a gida, wadda zai iya kayar da dabba da ita daga nisan mita 300, ya ɗauki bindigar hannu, wato irin wadda muke kira libarba, ya nausa daji neman aladen dawa ko barewa. Wani ma har ya tsallako teku ya zo Afirka neman ɓauna. Kuma fa ba rashi ne ya jawo masa haka ba, domin sau da yawa libarbar kan fi doguwar tsada. Da gangan ya zaɓi hanya mai wuya. Abin da muke so mu tattauna a nan shi ne, shin wannan zaɓi nagarta ce, ko kuwa son zuciya ne ya yi shigar nagarta? Sa'an nan idan ya isa ƙasar da dokarta ta ce ba ta yarda ba, tsakanin shi da dokar wa ke da gaskiya?

Bari mu fara da makamin kansa, don kada mai karatu ya ɗauka ƙaramar bindigar da ɗan sanda ke ratayawa a ƙugu muke nufi. A wajejen 1955 zuwa 1956 ne kamfanonin Smith & Wesson da Remington suka fito da harsashin nan .44 Magnum, bayan wani makiyayi kuma marubuci mai suna Elmer Keith ya daɗe yana matsa musu lamba. Lambar da ke jikin sunan tana nuni ne ga faɗin bakin bindiga a lissafin inci, ko da yake ainihin faɗin harsashin bai kai haka ba, ya ɗan gaza milimita 11. A 1971 fim ɗin Dirty Harry ya sa wannan bindiga ta yi suna a duniya, mutane da yawa da ba su taɓa kwana a daji ba suka yi ta rububin sayenta. Daga nan aka shiga tsere. A 1983 kamfanin Freedom Arms na jihar Wayomin ya fara ƙera libarba mai cin harsashin .454 Casull, sa'an nan a 2003 Smith & Wesson suka sake fitowa da .500 Magnum, wadda nauyinta ya kai kimanin kilo 2, tana cin harsashi 5, faɗin bakinta kuwa rabin inci ne cif.

Masu wannan farauta suna da hujja, kuma bai kamata mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Sun ce doguwar bindiga ta zamani mai madubin saiti ta mai da farauta yanka. Dabba na kiwo a can ƙetaren kwari, ba ta ji ƙanshin mutum ba, ba ta ji motsinsa ba, sai kawai ta faɗi. Ina farauta a nan? Amma mai libarba tilas ne ya matso kusa, mita 50 ko ƙasa da haka, ya lura da inda iska ke kaɗawa, ya yi rarrafe cikin ƙaya, kuma sau da yawa dabbar ta gano shi ta arce, ya koma gida hannu rabbana. Masanin falsafar nan na ƙasar Sifen, Ortega y Gasset, ya yi dogon bayani a kan wannan a farkon shekarun 1940, inda ya nuna cewa duk sa'ad da makami ya ƙara inganci, wajibi ne maharbi ya ƙara takura wa kansa, in ba haka ba abin ya tashi daga farauta ya koma hallakarwa. Tun kafin shi ma, ƙungiyar Boone and Crockett da Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa a 1887 ta ginu ne bisa aƙidar cewa dole a bar wa dabba ƙofar tsira. Mu ma ba baƙin wannan tunani ba ne. Maharbin da ya tunkari ɓauna da kwari da baka ba ɗaya yake a idon jama'a da wanda ya cinna wa daji wuta ya tsaya a gefe yana jiran abin da zai fito ba.

To amma fa akwai wani ɓoyayyen lissafi a cikin wannan hujja, kuma a nan ne muke so mu daɗe. Ƙofar tsira iri biyu ce. Akwai wadda ake ba dabba kafin a ja kunama, wato damar ta ji, ta gani, ta gudu lafiyarta ƙalau. Wannan maharbi ne ke biyan kuɗinta da guminsa da lokacinsa. Akwai kuma wadda ke buɗewa bayan an ja kunama, wato harsashi ya kauce wa zuciya da huhu ya shiga ciki ko ya karya muƙamuƙi, dabbar ta gudu da rauni. Wannan ta biyu, wa ke biyan kuɗinta? Dabbar ce, wadda za ta yi kwanaki tana jan hanji, ƙuda na bin ta, har kuraye su ƙarasa ta. Bindigar hannu tana faɗaɗa ƙofofin nan biyu ne a lokaci guda. Ba ta da gindin da za a dafa a kafaɗa, tazarar da ke tsakanin saitinta na gaba da na baya gajeriya ce, saboda haka ɗan rawar hannu kaɗan kan zama babban kuskure a jikin dabba. Wanda ya ce ya zaɓe ta ne don ya yi wa dabba adalci, sai mu tambaye shi wace ƙofa yake nufi.

Daɗin daɗawa, girman bindigar ma wani tarko ne. Mutum zai zaci tunda ƙarfi ne ke ƙaranci, magani shi ne ya sayi wadda ta fi kowace girma. Amma duk ƙarfin da ya fita ta gaba, akwai rabonsa da ke komowa ta baya cikin tafin hannu da wuyan hannu. Wanda bindiga ta saba naushinsa, jikinsa kan koyi tsoronta ba da saninsa ba, sai ya riƙa runtse ido yana fizgar kunama tun kafin ƙara ta tashi. Shi ya sa ƙwararru a wannan fanni suke nanata cewa .44 Magnum a hannun wanda ya harba ta sau dubbai ta fi .500 Magnum a hannun wanda ya saye ta ana saura mako biyu tafiya. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓen bindiga a gaban kanti, ashe, jarrabawa ce ta gaskiyar mutum da kansa: zai sayi wadda yake iyawa ne, ko wadda yake so a ce ya iya?

A nan ne dokokin ƙasashe suka shigo, kuma kowace ƙasa da yadda ta amsa. Namibiya ta haramta wa maharbi baƙo farauta da bindigar hannu gaba ɗaya, sa'an nan ta gindaya ma'aunin ƙarfin harsashi da awon da ake kira jul: 1,350 ga ƙananan dabbobi irin su gada, 2,700 ga matsakaita, 5,400 ga giwa da ɓauna. Tanzaniya ma ba ta yarda da bindigar hannu ba. Dokar Zimbabuwe ta 1990 ta nemi faɗin milimita 9.2 da ƙarfin jul 5,300 ga giwa da ɓauna da dorina. In muka ɗora makamanmu a kan wannan sikeli za mu ga inda gizo ke saƙar. Harsashin .44 Magnum da aka saba sayarwa bai cika wuce jul 1,600 ba. Ita kanta .500 Magnum, sarauniyar libarba, tana yawo ne tsakanin 3,500 da 4,000. Amma tsohuwar doguwar bindigar nan .375 da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar tun 1912 tana haura 5,500 ba tare da wani yunƙuri ba. Afirka ta Kudu kuwa ta bar ƙofa a buɗe, sai dai ta cika ta da takardu. A ƙarƙashin dokarta ta shekarar 2000, baƙo zai cika fom mai lamba 520 na 'yan sanda, ya kasance ya kai shekara 21, kada ya wuce bindiga 4, kada biyu su zama masu cin harsashi iri ɗaya, kada ya wuce harsashi 200 ga kowace, kuma ya gamsar da hukuma cewa libarbar ta farauta ce.

Maharban libarba sukan yi ƙorafi a kan wannan ma'auni, kuma mu yarda, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Lissafin jul ya fi fifita gudu a kan nauyi, alhali harsashi mai nauyi da tauri, ko da a hankali yake tafiya, yana iya ratsa ƙashi da tsoka ya yi zurfi ƙwarai. An kashe ɓauna da giwa da libarba, wannan ba ƙarya ba ce. Sukan kuma kawo misalin Bell, Baturen Sikotilan ɗin nan da ake wa laƙabi da Karamojo, wanda a farkon ƙarni na 20 ya kashe giwaye fiye da 1,000, mafi yawansu da siririyar bindiga mai milimita 7, wadda a yau dokokin nan ba za su bar shi ya ɗaga ta ga giwa ba. Suna cewa, ga shi nan, inda harsashi ya sauka shi ne magana.

Amsarmu ita ce, ai ba don Bell aka yi doka ba. An yi ta ne don mutumin da ya sauko daga jirgi a gajiye, numfashinsa na sama-sama, zuciyarsa na bugawa, bai taɓa ganin ɓauna ido da ido ba sai yau. Jami'in da ke filin jirgi ba shi da hanyar auna ƙwarewa, kuma kowane baƙo ƙwararre ne a bakinsa. Abin da zai iya aunawa shi ne faɗin baki da ƙarfin harsashi. Sa'an nan akwai mutum na uku wanda ba a cika ambatonsa a mujallun maharba ba, shi ne mai bin sawu. Idan ɓauna ta ji rauni ta shige duhuwa, ɗan ƙasa ne ke shiga gaba, idonsa a ƙasa yana neman ɗigon jini, sau da yawa ba komai a hannunsa sai sanda. Kowane maharbi ya san babu abin tsoro a daji kamar ɓauna mai rauni. Baƙon ya sayi haɗari ne don nishaɗi, ya biya da dala. Mai bin sawu kuwa abincin 'ya'yansa ya fito nema. Ba mu ga yadda za a kira abu jarumta ba alhali rabin haɗarinsa yana wuyan wanda ba a shawarta ba.

Duniya ta ɗan leƙa wannan al'amari a watan Yulin 2015, lokacin da wani likitan haƙori ɗan Amurka ya harbi zakin nan Cecil da kibiya a gefen gandun dajin Hwange na Zimbabuwe. Zakin bai mutu nan take ba, ya kwana da rauni, sai washegari aka bi sawunsa aka ƙarasa shi. Baka ce ba libarba ba, amma aƙidar ɗaya ce, wato zaɓen makami mai wuya don labari ya fi daɗin bayarwa.

Sai dai ba kowace doka ce aka yi don tausayin dabba ba, kuma wannan ya kawo mu ga fuska ta biyu ta tambayarmu. A ranar 13 ga Maris 1996, wani mutum ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane na Sikotilan da bindigogin hannu waɗanda ya mallaka da lasisi, ya kashe yara 16 da malamarsu. A 1997 majalisar Birtaniya ta hana mallakar kusan duk bindigogin hannu, har ta kai 'yan wasan harbi na ƙasar a wancan lokacin sai sun fita waje suke atisaye. Ba'amurken da ya tashi a ƙasar da tsarin mulkinta ya ba shi haƙƙin riƙe makami tun 1791 zai ce, to ni mene ne laifina? Babu. Amma dokar ba hukunci ba ce a kansa. Tabo ne a jikin wata al'umma, kuma baƙo ba shi da sikelin auna zafin ciwon da bai ji ba. Mu nan Nijeriya ma dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, alhali bindigar toka ta maharbin ƙauye tana rukuni mafi sauƙi. Dalilin a fili yake, bindigar da ke ɓuya a cikin riga ba dabba kaɗai take tsoratarwa ba.

Ba muna cewa duk abin da hukuma ta rubuta hikima ce ba. Wasu sharuɗɗan jan rai ne kawai, wasu kuma an gaje su ne daga Turawan mulki ba a sake dubawa ba. Muna kuma sane da cewa ƙasashen nan ba su haɗu a kan ra'ayi guda ba. Kenya ta rufe farautar manyan dabbobi tun 1977, Botsuwana ta rufe a 2014 ta sake buɗewa a 2019. Wanda yake ganin ma'aunin jul kuskure ne yana da hanyoyi na mutunci: ya rubuta, ya kai hujjarsa ga hukumar gandun daji ta hannun ƙungiyoyin maharban ƙasar, ko ya kai kuɗinsa ƙasar da ta yarda. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya cusa wa jami'i wani abu a tafin hannu, ko ya matsa wa jagoransa lamba ya kau da kai, don ya san lasisin jagoran ne zai salwanta in asiri ya tonu, shi kuwa yana cikin jirgi ya nufi gida.

Jamusawa sun bi wata hanya da ta ba mu sha'awa. Dokar farautarsu ta tarayya ta hana a harbi dabba lafiyayya da bindigar hannu, in ban da wajen farautar tarko da ta rami, amma ta yarda maharbi ya rataya ta. Ga manyan dabbobi masu kofato an nemi doguwar bindiga mai faɗin milimita 6.5 da ƙarfin jul 2,000 a nisan mita 100. Ita kuwa ta hannu, muddin ƙarfinta ya kai jul 200, aikin da aka ware mata shi ne idan an tarar da dabba kwance da rauni, ko harsashi ne ya kauce ko mota ce ta buge ta a hanya, maharbi ya matso kusa ya ƙarasa ta da harbi ɗaya.