Matsugunin Talaka: Haƙƙi Ne Ko Alfarma?

A ajin matan aure da nake koyarwa da yamma a nan Bena, wata baiwar Allah ta yi kusan wata guda ba ta zo ba. Da na bi sawu, sai na iske ta a ɗaki ɗaya na haya, ita da maigidanta da yara shida, babbar har ta zama budurwa. Ɓarayin daji ne suka taso su daga ƙauyensu, kamar yadda suka tashi ƙauyuka da dama a ƙaramar hukumarmu ta Danko/Wasagu. An ƙara musu kuɗin haya, shi ya sa ta koma surfe da wankau. Ta ce da ni, "Malama, yunwa da sauƙi. Ni inda zan sauya zane ba a idon yara ba nake nema."

Tun ranar nake juya tambaya ɗaya: idan aljihun gwamnati ya yi ƙasa, adalci ne a fara zaftare kuɗin gidajen talakawa?

Abin ba yau ya fara ba. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, ya ƙudurci gina gidaje masu sauƙin kuɗi guda 40,000 duk shekara, 2,000 a kowace jiha. Sai farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, soja suka karɓe mulki a ƙarshen 1983. Ko rabi ba a gina ba, wasu kuma suka zama kango a bayan gari. A 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci don ya samu rance ya mallaki gida. To, mai ƙuli-ƙuli a kasuwar Bena fa? Ba ta da takardar albashi, filin mijinta na gado ne, ba shi da takardar mallaka ta gwamnati. Ke nan in kuɗin sun zo, ta saman kanta suke wucewa. In kuwa aka matse, ita ke fara ji a jikinta. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kwanon rufi da kuɗin haya suka bi sahu.

Na san wata za ta ce, ai matsuguni haƙƙin mace ne a kan mijinta, ina ruwan gwamnati? Gaskiya ne, haka muke karantarwa. Kuma ban ce baitulmali rijiya ce da ba ta ƙafewa ba. Akwai asibiti, akwai makaranta, akwai albashi. Amma mu duba da kyau. Mijin ɗalibata ya sauke nauyinsa, da hannunsa ya gina ɗakuna uku a ƙauye. Tsaron da ya kamata a ba shi ne ba a ba shi ba. Tsadar da ta hana shi sake gini kuma, da alƙalamin shugabanni aka jawo ta. Wanda ya rasa gidansa ta wannan hanya, in aka sama masa wani, bashi aka biya shi, ba alfarma aka yi masa ba. Ko maigida in samunsa ya ragu, nama yake ragewa a miya, ba ya yaye rufin ɗakin yara ya ce sai kasuwa ta gyaru.

Sai dai kada mu tsaya nuna Abuja da Birnin Kebbi da yatsa. Cikin masu karanta wannan, akwai wadda ɗakunan hayan na maigidanta ne, wata ma nata ne na gado. Da 'yan gudun hijira suka cika gari, wasunmu riba suka hango. Eh, ba a hana mutum sa wa kayansa farashi ba. Amma ni dai zuciyata ba ta natsu da ƙarin da dalilinsa kawai shi ne wancan ba shi da wurin zuwa ba.

Ɗalibata ta dawo aji. Tsohon zane ta rataya ya raba ɗakin biyu, 'yan mata a can, su a nan, yaran maza kuma suna kwana a zauren maƙwabci.