Mutum Huɗu da Shimfiɗa Ɗaya

Karatu: Markus 2:1-12

Duk lokacin da muka karanta labarin shanyayyen nan na Kafarnahum, hankalinmu yakan tafi ga wanda aka warkar, mu manta da mutum huɗun da suka ɗauko shi har suka buɗe rufin ɗaki. Markus bai ba mu sunayensu ba, amma ya nuna cewa bangaskiyarsu ce Ubangiji ya duba. A kansu nake so mu yi tunani, domin akwai gidaje a cikinmu inda mutum ɗaya tak yake ɗauke da shimfiɗar da ta isa huɗu.

Wani dattijo a ikkilisiyar da na taɓa yi wa hidima ya shekara yana ganin jini a bayan gidansa. Ya ɗauka basir ne, ya yi ta shan jiƙo, kunya kuwa ta hana shi gaya wa kowa. Sai da ya rame, cikinsa ya toshe, aka kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon dajin hanji ne, ya riga ya kai hanta, wato mataki na 4. Wannan ciwo ba baƙo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2020 ya kama mutum fiye da miliyan 1.9, ya kashe fiye da 900,000.

Aka yi masa tiyata, aka fito da bakin hanji ta gefen cikinsa, aka manna jaka. Daga ranar bai sake zuwa sujada ba, don tsoron kada jakar ta yi wari a cikin taro. Mu kuma muka je gaisuwa sati biyu, sa'an nan ƙafa ta ɗauke. Aka bar matarsa ita kaɗai: ita ce wanke jaka, ita ce juya shi da tsakar dare, ita ce neman kuɗin magani, har ta sayar da keken ɗinkinta. Mafi ciwo, wata 'yar'uwa ta ce mata su bincika ko akwai zunubin da ba su furta ba. Abokan Ayuba sun yi kwana 7 a zaune tare da shi ba su ce uffan ba, kuma a ganina wannan ne mafi kyawun aikinsu. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa, sai fushin Allah ya yi ƙuna a kansu.

Mu yi addu'ar warkarwa, gama Allah mai iko ne. Amma Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙaya daga jikinsa, ba a cire ba, alheri aka ba shi. Kada mu hana marar lafiya maganar mutuwa idan yana so ya yi ta, ko ya shirya gidansa. Kada kuma mu ce shan maganin kashe zafi rashin bangaskiya ne. Ko ciwon ya wuce warkewa, likita yana iya rage azaba da mofin, ya kuma ba da maganin taurin bayan gida da mofin ɗin yakan jawo.

To, ina sauran mutum ukun? Zumuntar Mata ta raba kwanaki, wata ta kwana a gidan domin mai jiyya ta sami barci. Matasa su nome gonar. Dattawa su keɓe baiko na musamman, gama jakunkunan nan da kuɗin mota zuwa asibiti suna cinye rumbu. Ciwon ba ya yaɗuwa ta cin abinci a kwano ɗaya, saboda haka ku zauna ku ci tare da shi. A kuma gaya wa 'ya'yansa da 'yan'uwansa na jini su ga likita, domin haɗarinsu ya fi na sauran mutane, kuma idan an gano shi da wuri ana warkewa.

Dattijon nan ya yi wata 8 bayan tiyata. Da kunya nake faɗa, sai a watansa na ƙarshe na tuna in kai masa Jibin Ubangiji a gida. Ya karɓi ƙoƙon da hannu biyu, ya tambaye ni ko har yanzu ana ajiye masa kujerarsa ta kusa da taga.