Tsoro Iri Biyu

Tun da daɗewa masu hankali su ke gardama a kan wata tambaya, watau ko ya halatta ga mai imani ya ji tsoron annoba. Waɗansu su ce tsoro raunin tawakkali ne, gama ba mai mutuwa sai kwanansa sun ƙare. Waɗansu kuwa su ce rigakafi ya fi magani, wanda ya ga wuta ya tsaya bai yi wa kansa adalci ba. Wannan gardama ta sake tashi a ƙasar Kano cikin shekarar 2020, sa'ad da cutar korona ta shigo. Mai son ya fahimci yadda ta kasance, ya dubi garin Wudil, domin abin da ya sami ƙasar duka ya sami wannan gari a taƙaice.

Wudil tana bakin kogi, wajen mil 25 daga birnin Kano. Ta kan gadarta motocin Dutse da Birnin Kudu da Azare da Maiduguri su ke ratsawa dare da rana. Kasuwarta tana ci ran Juma'a, kuma kararta ta shanu ta yi suna nesa da kusa. Fulani su kan koro dabbobi, dillalai su yi ciniki, fatake su yi lodi zuwa Kudu. Ban da waɗannan akwai masunta, da masu ɗibar yashi, da 'yan dako, da mata masu sayar da abinci, da ɗaliban jami'ar kimiyya da na makarantar horon manyan 'yan sanda. Gari ne da arzikinsa duka ya dogara ga haɗuwar jama'a. To, ga cuta ta zo wadda ba ta da abin hawa sai haɗuwar jama'a.

Labarinta ya fara ne daga birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019. A sa'an nan ana jinsa a rediyo kamar yadda a ke jin labarin girgizar ƙasa a wani tsibiri, a ce Allah ya sawwaƙe, a ci gaba da hira. Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka same ta a Ikko, a jikin wani Bature mutumin Italiya. A cikin kwanakin nan ne kuma hukumar Saudiyya ta dakatar da baƙi masu zuwa Umra. Ran 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta zama annobar duniya baki ɗaya. Duk da haka a majalisun ƙasar Kano maganar da ta fi yawa ita ce, wannan ciwon masu shiga jirgin sama ne, ba ruwansa da talaka. Waɗansu su ce zafin bazara zai ƙone ta kafin ta ƙetare Kwara. Waɗansu su ce dabara ce ta ma'aikata don su sami kuɗin kashewa. Da Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Shugaban Ƙasa, ya rasu da ita ran 17 ga Afrilu, sai masu cewa ciwon manya ne suka ƙara samun abin kafa hujja.

Ba daidai ba ne a yi saurin kiran waɗannan mutane jahilai. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Mutanen Kano ba su manta da shekarar 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani a kan yara, aka yi shekara da shekaru ana shari'a a kai. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙi allurar shan inna a 2003, har cikin 2004. Amana kamar tukunyar ƙasa ta ke, in ta tsage sau ɗaya, ko an liƙe ta mai ɗauka ba ya sakin jiki. Saboda haka ranar da hukuma ta zo da gaskiya, sai ta tarar an riga an toshe kunne.

Ran 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Kano. Ran 16 ga wata Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya kafa dokar kulle, aka hana kasuwanni da sallar Juma'a. Azumi ya kama ran 24, ran 27 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara wa Jihar Kano kulle na mako biyu. A tsakanin nan ne masu haƙar kabari a birni suka fara faɗin cewa aikinsu ya ninka, kuma yawancin waɗanda a ke kawowa dattawa ne. Kullum safiya sai a ji wani malami, ko wani attajiri, ko wani tsohon ma'aikaci ya riga mu gidan gaskiya. Daga baya, a watan Yuni, Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa an ƙidaya mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na birni da kewaye, kuma ana zaton kashi 50 zuwa 60 cikin 100 korona ce sanadinsu.

Mil 25 ba nisa ba ne ga labarin mutuwa. Da wuya a sami gida a Wudil wanda ba shi da ɗan'uwa ko suruki ko abokin ciniki a birni. Sai dariya ta ɗauke, tsoro ya maye gurbinta. Amma abin lura shi ne irin kamannin da tsoron nan ya ɗauka a ƙasar. Mai tari ya riƙa danne tarinsa don kada a ce da shi mai korona, a zo da mota a ɗauke shi a killace. Masu majinyaci suka riƙa ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Waɗansu asibitoci masu zaman kansu suka rufe ƙofa, har mai hawan jini da mai ciwon sukari suka rasa inda za su. Almajirai kuwa, yaran da jiya su ke wanke-wanke a gidajen mutane, aka wayi gari ana kallonsu kamar su ne annobar. Gwamnonin Arewa suka shirya mayar da kowane yaro jiharsu, aka cika motoci da su, daga baya aka sami cutar a jikin waɗansunsu a inda aka kai su.

A nan ne amsar tambayar farko ta ke. Tsoro iri biyu ne, ko da ya ke sunansu ɗaya. Na farko shi ne mutum ya ji wa kansa tsoro kaɗai. Na biyu shi ne ya ji tsoron kada ya zama sanadin cutar da wani. Na farkon shi ya haifi ɓoyon ciwo, da gudun majinyaci, da korar baƙo. Har musun da aka yi da fari ma ɗansa ne, gama sau da yawa mai cewa babu cuta ba jarumi ba ne, yana gudun abin da gaskatawa za ta jawo masa ne, na rufe rumfa da zaman gida. Na biyun kuwa shi ke sa mutum ya rufe bakinsa da takunkumi, ya wanke hannu, ya faɗi ciwonsa ga likita, ya ajiye wa maƙwabci mara lafiya abinci a bakin ƙofa maimakon ya ƙaurace masa.

Malamai sun kawo labarin da ya warware wannan tun zamanin Sahabbai. Sayyidina Umar ya tasam ma Sham, da ya isa wani wuri da a ke kira Sargu sai aka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da jama'arsa, ra'ayi ya rabu, daga bisani ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ya ke yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayi wanda ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ɗanyar ciyawa, ɗaya busasshe, duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su. Kāna Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya sanar da su cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga ƙasar da annoba ta ke, ya kuma hana na cikinta fita don gudu.

Mai karatu ya dubi wannan hani da kyau, zai ga gefe biyu gare shi. Hana shiga ya kiyaye ran mutum kansa. Hana fita kuwa ya kiyaye ran waɗansu, na garin da zai kai wa cutar, da na majinyatan da zai bari ba mai ba su ruwa. Abu Ubaida da kansa ya zauna tare da rundunarsa har ya rasu a annobar Amwas a shekara ta 18 bayan Hijira. Umar da ya juya da Abu Ubaida da ya zauna, ba wanda ya yi don kansa kaɗai, kowannensu jama'ar da ke wuyansa ya duba. Ko makiyayin da ya taɓa koro shanu karar Wudil ya san wannan ba sai an karanta masa ba: in ciwo ya shiga garke ana ware mai ciwo, ba a kuwa kai lafiyayyu mashayar da masu ciwo suka sha, kuma ba wanda ya taɓa ce da shi ya rasa tawakkali.

Halin korona ya ƙara wa wannan magana nauyi. Ƙwayarta tana bin numfashi da tari da atishawa, kuma mutum ya kan ɗauke ta kwana da kwanaki bai san yana ɗauke da ita ba, wani ma har ya rabu da ita bai kwanta ba. Ta kan sassauta wa matasa, ta tsananta wa tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini. A ɗauki misalin saurayi ɗan dako mai ƙarfi. In ya ce shi ba ya tsoro, gaskiyarsa ce, da wuya ta kayar da shi. Amma da magariba zai koma gida ya durƙusa gaban mahaifinsa, su sa hannu a ƙwarya ɗaya. Ashe jaruntakar da ya ke taƙama da ita, da ran tsohon ya ke yin ta. Tawakkali mutum ya kan yi da abin da ya mallaka. Ba a tawakkali da ran wani, kamar yadda ba a sadaka da akuyar maƙwabci.

Sai dai akwai magana mai ƙarfi da za a iya mayarwa, kuma wajibi ne a saurare ta. Mai albashi yana iya zama gida wata guda, ƙarshen wata kuɗinsa su zo. Amma mai tallar fura, da ɗan dako, da mai kwale-kwale, hannu baka hannu ƙwarya su ke. Ranar da kasuwa ba ta ci ba, tukunya ba ta hau murhu ba, ga shi kuwa watan azumi ne. Mutumin da ya saci hanya ya fita nema a ranar kulle, shi ma waɗansu ya ke ji wa tsoro, watau 'ya'yansa. Wanda ya zarge shi alhali rumbunsa cike ya ke, bai yi adalci ba. Hukuma ma ta gane haka, shi ya sa a watan Mayu aka ware ranakun Litinin da Alhamis don mutane su fita cefane, ko da ya ke cunkoson waɗannan ranaku ya kan rushe abin da sauran kwanakin suka gina.

Abin da wannan ya nuna shi ne, tsoro na biyu ba nauyin talaka ne shi kaɗai ba. Wanda ya ce wa jama'a su zauna gida, haƙƙin ciyar da su ya hau kansa, ko hukuma ce, ko attajirin unguwa, ko mai fitar da zakka. An yi rabon abinci a wancan lokaci, amma kukan da aka fi ji shi ne bai isa ba, kuma bai kai ga kowa ba. Doka ba tare da hatsi ba, umarni ne ga mai yunwa ya zaɓi irin mutuwar da ya fi so. Haka nan kuma wanda ya ke son a gaskata shi ranar annoba, sai ya yi ta faɗin gaskiya tun ranar lafiya.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. A 1918, zamanin Sarkin Kano Abbas, wata mura mai kisa ta sauka Ikko daga jirgin ruwa a watan Satumba, ta biyo hanyar jirgin ƙasa ta iso Arewa cikin 'yan makonni, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya. Bayan shekara 100 sai aka tarar kusan ba mai tuna ta. Ita ma korona ta bi wannan hanya. An janye kulle a Kano a watan Yuli na 2020, allurar rigakafi ta iso Nijeriya a watan Maris na 2021, kasuwar Wudil ta koma ci kamar da, takunkumi ya koma cikin tsumma. Mantuwa rahama ce ga zuciya, amma tana da hasara, gama annoba ta gaba za ta tarar da mutane kamar ba su taɓa ganin irinta ba.

Saboda haka abin da ya kamata a riƙe kaɗan ne. In labarin annoba ya zo, kada a ɓata lokaci ana tambayar wane ne mai tsoro, wane ne mara tsoro, domin kowa yana da nasa. Kowa ya tambayi zuciyarsa wa ya ke ji wa tsoron. In kansa ne kaɗai, tsoron zai sa shi ƙarya da ɓoyo da rashin tausayi. In kuwa ya haɗa da tsohon da ke zaure, da almajirin da ke bakin ƙofa, da maƙwabcin da bai hura wuta ba, to, wannan tsoro ɗan'uwan tsoron Allah ne. Allah ya kiyaye bayinsa daga annoba, ya jiƙan waɗanda suka rigaya, amin.