Hantar Mahaukacin Kare

Mai karatu, ga wata tambaya da malaman Yahudawa suka daɗe suna gardama a kanta. Kai ma ka auna ta.

Yahudawa suna da dokokin abinci masu tsanani. Ba su cin alade, ba su cin raƙumi. Ba su cin kifin da ba shi da ɓawo, kamar tarwaɗa. Ba su haɗa nama da nono a tukunya guda. Amma a wurinsu rai yana gaba da waɗannan dokoki. In mutum yana bakin mutuwa, kuma abin da aka hana shi ne maganinsa, sai a ba shi. Wannan ba gardama.

To, in ba a tabbatar maganin yana aiki ba fa?

A zamanin da, in mahaukacin kare ya ciji mutum, wasu sukan kashe karen su ba mutumin hantarsa ya ci. Naman kare kuwa haram ne gare su. Maganar tana cikin littafinsu Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200. Malam guda, Matiya ɗan Harash, ya yarda a ba shi. Sauran malaman suka ƙi.

Kada ka yi saurin cewa Matiya ya yi wauta. Ka dubi wanda aka ciza, ka dubi uwarsa. A lokacin ba wani magani, kuma ciwon haukan kare in ya bayyana, da wuya mutum ya tashi. Wa yake da ƙarfin zuciyar da zai ce musu a'a?

Musa ɗan Maimun, babban malaminsu kuma likita, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya goyi bayan waɗanda suka ƙi. A ganinsa, ana ɗage doka ne saboda maganin da hankali ya karɓa ko aka jarraba aka ga amfaninsa. Hantar kare ba ta cikinsu, camfi ce. Ni ma nan na tsaya. Mai cin hantar ya karya dokarsa, kuma ciwon yana nan.

Sai dai akwai wuya a nan. Kowane magani, ran da aka fara ba mutum shi, ba a gama tabbatar da shi ba. A 1885, a Faransa, Luwi Fasto ya yi wa wani yaro mai shekara 9 allurar haukan kare. Ba wanda ya san ko yaron zai rayu. Ya rayu. Amma ka lura: kafin ranar, Fasto ya daɗe yana gwada allurar a kan karnuka, yana ƙirga waɗanda suka tsira. Masu ba da hanta ji kawai suka yi daga bakin kakanni.

Yau wanda kare ya ciza, sai ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti ran nan, kafin ciwon ya bayyana.