Idan Ruwa Ya Janye, Wa Ke Tuna Ta?

A daminar 2022, da kogin Haɗeja ya tumbatsa, mutanen ƙauyuka da dama a Miga da Jahun da Ringim suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka koma azuzuwan firamare. Duk wanda ya leƙa cikinmu ya ga abu guda. Maza suna waje, suna ceton abin da ya saura na gona da dabbobi. A ciki kuwa ba a rasa wata dattijuwa da ta san mai juna biyun da watanta ya kama, ta san yaron da ya kwana da zazzaɓi, ta san iyalin da ba su ɗora tukunya ba tun jiya. Ita ke kashe rigimar wurin kwana. Ba wanda ya naɗa ta. Amma ranar da motar tallafi ta iso, ba ita ake nema ba.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. Yaƙin Siriya da ya ɓarke a 2011 ya kori miliyoyin mutane daga gidajensu. A 2014 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce cikin kowane gida huɗu na 'yan Siriya da ke Jodan, Lebanon, Iraƙi da Masar, ɗaya mace ce ke riƙe da shi ita kaɗai. A sansanin Za'atari na Jodan, wanda aka buɗe a 2012, matan da da can ba sa fita neman kuɗi suka koma ɗinki da koyarwa, su ne ci da shan gida.

To, ga tambayar da ta dame mu. In mutum ya ɗauki nauyin jama'a ranar wuya, yana da haƙƙin a ji ta bakinsa ranar shawara? In namiji ne ba ma jayayya, sunan abin shugabanci. In mace ce sai mu ce hidima ce, Allah Ya saka mata, mu sallame ta.

Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san yadda wannan ke faruwa ba tare da kowa ya yi mugun nufi ba. Fom ɗin rajista yana da gurbi ɗaya na mai gida, sai lambar wayarsa. Abin da ba a yi wa gurbi ba, na'ura ba ta san da shi ba. Haka ilimin dattijuwar nan yake zubewa a ƙofar aji, a raba shinkafa, a manta da ungozoma da ƙyallen al'ada.

Wani zai ce larura ce, ba ita ta nema ba. Gaskiya ne. Matar da ta rasa miji a Dar'a ba sarauta ta samu ba, kuma ba ma yi wa kowa fatan masifa. Sai dai larura ba ta koya wa mutum iya riƙon jama'a a dare ɗaya, tona abin da yake da shi take yi.

Wani kuma zai ce baƙon abu ne. Ashe? Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, suka jagoranci 'Yan Taru suna karantar da mata ƙauye-ƙauye. Uwar adashe da muke damƙa wa kuɗinmu fa? Duk da haka, majalisar dokokin jiharmu da ke Dutse, mai kujeru 30, ba ta samu mace ko ɗaya ba a zaɓen 2023.

Ba rawani muke nema mata ba. Damina za ta dawo, za a sake kafa kwamitin rabo a ƙofar mai unguwa. Kafin a rubuta sunan farko, a aika a kira ta, a shimfiɗa mata tabarma, a tambaye ta wa ya fi buƙata. Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.